Shinkafar Ruwan Gishiri da Cutar Ƙunar Ganye: Abin da Ya Kamata Mai Zuwa Canaan Ya Sani Kafin Ya Ɗauko Iri

Na rubuta wannan bayani ne saboda wata tambaya da ta yawaita a tsakanin mutanenmu masu safarar kaya daga birnin Guangzhou na ƙasar Sin, musamman masu sayayya a kasuwar Canaan da kewayenta. Ita dai Canaan kasuwar sarin tufafi ce da aka buɗe a 2003 a unguwar Sanyuanli, kusa da babbar tashar jirgin ƙasa, to amma kowa ya san ɗan kasuwarmu ba ya dawowa gida da tufafi kaɗai. Ana ba shi sautun injin ban-ruwa, da injin feshi, da maganin ƙwari, kuma tun da labarin "shinkafar teku" ya bazu, ana ba shi sautun irin shinkafa, a ce ya sako mudu ɗaya ko biyu a cikin jaka ko a gefen kwantena.

Da yake na yi aikin malamin gona kafin in shiga fatauci, amsar da nake bayarwa kullum ita ce kada a ɗauko. Jure gishiri daban, jure cuta daban, kuma mudun irin da ya shigo ba tare da bincike ba yana iya jawo wa manoman yanki guda asarar da kuɗin kwantena goma ba za su biya ba. Ga dalilaina dalla-dalla, tare da abin da ya fi dacewa mu saya, da saƙon da ya kamata mu isar wa masu yi mana noma a gida.

Gishiri a bakin Kogin Lu'ulu'u

Guangzhou yana zaune ne a kan kogin Zhujiang, wato Kogin Lu'ulu'u, dab da inda yake rarrabuwa ya faɗa teku. Gundumar Nansha, wadda daga tasharta ake loda kwantenoni da yawa masu zuwa Afirka, ƙasa ce da aka ƙwato daga laka da ruwan zartsi. A lokacin sanyi, idan ruwan kogi ya ja baya, ruwan teku yakan kutso cikin rassan kogin har ya kai wuraren da ake ɗibar ruwan sha da na noma. A farkon 2005 abin ya yi tsanani har sai da aka sako ruwa daga manyan madatsun da ke can sama a Guizhou da Guangxi don a kore gishirin daga Zhuhai da Zhongshan da Macau. An sake shiga irin wannan hali a ƙarshen 2021, lokacin da fari ya rage ruwan kogin Dongjiang.

Da damina kuma sai mahaukaciyar guguwar teku. Guguwar Hato ta sauka a Zhuhai ran 23 ga Agusta 2017, Mangkhut kuma ta sauka a Taishan ran 16 ga Satumba 2018, kuma Taishan na cikin manyan wuraren noman shinkafa na lardin Guangdong. Irin wannan guguwa tana yi wa gona ɓarna biyu a dare ɗaya: tana turo ruwan gishiri cikin gonakin bakin teku, sannan tana yayyaga ganyen shinkafa. A wannan lardi ana noman shinkafa sau biyu a shekara, kuma ta biyun, wadda ake dasawa wajen Yuli zuwa Agusta, ita ce ke haɗuwa da guguwa, ita ce kuma cutar ganye ta fi kamawa. Saboda haka manoman nan sun daɗe da sanin gishiri da cuta a gona ɗaya, kuma akwai abin koyo a wajensu.

Mece ce shinkafar teku?

Asalinta daga Guangdong ɗin ne. A 1986 wani mai binciken aikin gona, Chen Risheng, ya ga wata doguwar shinkafa tana tsaye a cikin ruwan zartsi a gaɓar teku a gundumar Suixi ta yankin Zhanjiang, fiye da kilomita 400 kudu maso yamma da Guangzhou. Ya tsinci ƙwara 522, ya yi shekaru yana renonsu, daga nan aka sami irin da ake kira Haidao 86, mai jan ƙwaya, mai jure ambaliya, amma maras yawan amfani. Daga baya shahararren masanin nan Yuan Longping, wanda ya rasu a 2021, ya jagoranci wata cibiya da aka kafa a Qingdao a 2016 don samar da iri mai jure gishiri kuma mai yawan amfani. A gwajin 2017 iri mafi kyau ya ba da kimanin kilo 620 a awon gonar Sinawa da ake kira mu, wanda 15 ɗinsa ke yin hekta ɗaya, wato sama da tan 9 a hekta. Wannan labari ne ya zaga duniya.

Sai dai a lura da abu uku. Na farko, ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, ruwan da aka yi wancan gwaji da shi kuwa an sirka shi ne har ya sauko wajen giram 6, bai kai kashi ɗaya cikin biyar na ruwan teku ba. Na biyu, a ƙananan filayen gwaji aka sami wancan adadi, ƙarƙashin kulawar masana. Na uku, Qingdao tana can arewa mai nisa, inda ranar bazara ke da tsawo, shinkafa kuwa tana lura da tsawon rana kafin ta fitar da kai. Irin da ya yi kyau a can yana iya zuwa Kura ko Argungu ya yi kai tun bai girma ba. Idan kuma irin aure ne, wanda Sinawa suka shahara da shi, to shuka ɗaya yake yi. Wanda ya ajiye 'ya'yansa ya sake shukawa zai ga gona ta fito wata doguwa wata gajera.

Cutar ƙunar ganye da 'yar'uwarta

Babbar cutar bakteriya ta shinkafa ita ce wadda nake kira ƙunar ganye, Sinawa kuma suna kiranta da sunan da ke nufin bushewar farin ganye. Ƙwayar da ke kawo ta sunanta Xanthomonas oryzae, kuma don ƙanƙanta sai an jera fiye da 500 kafin su cika milimita ɗaya. Manoman Fukuoka a Japan ne suka fara lura da ita a 1884, kuma an daɗe ana ɗora laifin a kan tsamin ƙasa kafin a tabbatar a 1922 cewa ƙwayar cuta ce. Wannan ruɗani tsakanin laifin ƙasa da laifin cuta har yau yana nan a gonakinmu.

Ƙwayar tana shiga ta ƙananan ƙofofin da ke gefen ganye, inda shuka ke fitar da ɗigon ruwa da asuba, ko kuma ta rauni. Da ta shiga sai ta hayayyafa a cikin jijiyoyin da ke kai ruwa, ta toshe su, ganye ya bushe daga baki zuwa gindi. Tana son zafi tsakanin digiri 25 zuwa 34, da iska mai laima sama da kashi 70 cikin 100, da gonar da aka cika wa takin yuriya. Tana tafiya a ruwan kanal, da feshin ruwan sama mai iska, da jikin mutum da kayan aiki idan an ratsa gona da raɓa. Tsakanin girbi da shuka kuma tana ɓuya a tushiyar shinkafa, da tattaka, da gyauro, da shinkafar daji, da wasu ciyayin bakin ruwa. Idan ta kama ɗanyen dashe takan kashe shi ɗungurungum, abin da mutanen Indonesiya suka sa wa suna kresek. Idan iri ba ya jure ta, kuma ta shigo da wuri, asara kan kai kashi 70 cikin 100.

'Yar'uwarta ita ce cutar zanen ganye, mai yin siraran layuka tsakanin jijiyoyi, waɗanda haske ke ratsawa idan an ɗaga ganyen ga rana. A ƙasar Sin, a wannan yanki na Kogin Lu'ulu'u aka fara gane ta a shekarun 1950, kuma masani Fang Zhongda ne ya bambance ta da ƙunar ganye a 1957. Asararta kan kai kashi 30 cikin 100, kuma sananniya ce wajen bin iri. Shi ya sa hukumomin Sin suka sa ta cikin cututtukan da ake tsare iri saboda su, ko da daga lardi zuwa lardi ne. To idan masu ƙasa ba su yarda iri ya tsallaka lardi babu takarda ba, ina dalilin da zai sa mu tsallaka teku da shi a cikin jaka?

Yadda gishiri ke buɗe wa cuta ƙofa

Wani zai ce, ai gishiri maganin ruɓa ne, da shi muke adana kifi da fata, ta yaya ƙwayar cuta za ta rayu a gonar gishiri? Amsa ita ce gishirin da ke kashe ƙwayar cuta a jikin kifi ya ninka na gona sau da yawa. Ɗan abin da ke cikin gona ya isa ya galabaitar da shinkafa, amma bai isa ya taɓa ƙwayar da ke kwance cikin jijiyar ganye ba. Gishiri ba ya haifar da cutar. Aikinsa shi ne raunana shuka har cutar ta same ta a kwance.

Hanya ta farko ita ce ƙishi. Ruwan gishiri yana da wuyar zuƙa ga saiwa, don haka shuka takan ji ƙishi tana tsaye cikin ruwa. Sai ta fitar da wani sinadari da ake kira absisik, mai sa ta tsuke ƙofofin ganye ta rage girma. Binciken da aka yi a kan shinkafa ya nuna cewa wannan sinadari yana danne wani, wato salisilik, ɗan'uwan maganin asfirin, wanda da shi shuka ke tayar da garkuwarta idan ƙwayar cuta ta shigo. Ka ga ke nan tana can tana fama da ƙishi, ƙofar gida ba mai tsaro.

Hanya ta biyu ita ce abinci. Sinadarin sodiyam da ke cikin gishiri da kanwa yana ture fotasiyam da kalsiyam, ya hana saiwa ɗaukarsu yadda ya kamata, alhali su ne ke ƙarfafa jikin ganye da kara. Hanya ta uku ita ce rauni, domin bakin ganyen da gishiri ya ƙona da saiwar da ya cinye duk mashiga ce.

Hanya ta huɗu kuwa daga hannun manomi take fitowa, kuma ita ta fi shafar mu masu aika kuɗi. Manomi ya ga shinkafa ta tsumbure ta yi rawaya, sai ya ce yunwa ce, ya bugo waya a turo kuɗin yuriya. An watsa yuriya, gishiri yana nan inda yake, sabon ganyen da ya fito kuma ya fito da taushi, irin wanda ƙwayar ke so. Garin neman ƙiba an samo rama.

Yadda za a bambance su

Ƙunar gishiri takan fara daga tsinin tsofaffin ganye, su yi fari su naɗe, shuka ta gajarce, 'ya'yanta su yi kaɗan. Tana bin yanayin ƙasa, wato tudun da ruwa ba ya rufewa da ƙarshen fangali, kuma idan ƙasa ta bushe akan ga farin gari a kanta. Ba ta yaɗuwa daga shuka zuwa shuka.

Ƙunar bakteriya kuwa takan fara kamar an jiƙa gefen ganye, sannan ta yi rawaya, ta koma launin tattaka, kuma iyakarta da koren ganye a karkace take kamar igiyar ruwa. Da sassafe akan ga ɗigo mai kama da madara a kan tabon, idan ya bushe ya zama ƙananan duwatsu rawaya. Tana bin hanyar ruwa da iska, kuma cikin kwanaki takan tsallaka kunya. Dashen da ta kashe ba ya zarewa da sauƙi idan an ja shi, saɓanin wanda tsutsar kara ta ci.

Akwai gwajin da ba ya cin ko sisi. A yanko ganye daidai inda tabo ya haɗu da kore, a tsoma bakin yankan cikin kofin gilashi mai ruwa garau, a ajiye shi kada a girgiza. Idan bakteriya ce, cikin minti 20 zuwa 30 za a ga wani abu kamar hayaƙi yana fita daga yankan, ruwan ya gurɓace. Idan gishiri ne ruwa zai zauna garau. Haka ake yi wa tumatir da barkono da gauta idan sun yanƙwane suna kore shar: a yanke kara daga gindi a tsoma, idan farin zare ya sauko to cutar yanƙwanewa ce ta bakteriya, wadda ke shekaru a cikin ƙasa. Wannan gwaji kowa na iya sa a yi masa a gida, a turo masa hoto ta waya kafin ya aika ko kwabo.

Darasin Tanzaniya

Ƙunar ganye ba baƙuwa ba ce a yankinmu. An ba da rahotonta a Mali a 1979, a Nijar a 1983, kuma an same ta a Senegal da Burkina Faso da Nijeriya. To amma ƙwayoyin Afirka ta Yamma dangi ne daban da na Asiya, makamansu ba ɗaya ba ne, kuma irin da ya saba da na gida yana iya faɗuwa warwas a gaban baƙi.

An ga haka a Tanzaniya. A 2019 cutar ta ɓarke a filin noman rani na Dakawa da ke yankin Morogoro, kuma cikin 'yan shekaru ta watsu zuwa wasu sassan ƙasar. Da masana suka binciki ƙwayar, sakamakon da suka buga a 2023 ya nuna cewa ba ta cikin dangin Afirka, danginta mafi kusa suna lardin Yunnan na ƙasar Sin, kuma sun fi kyautata zaton da iri ta shigo. Duk wanda ya kawo wannan iri da niyyar alheri ya kawo shi, amma ƙwayar cuta ba ta duba niyya. A filin noman rani kuwa kanal ɗaya kowa ke sha. Abin da ya shiga fangalin mutum ɗaya a Kadawa, ruwa zai kai shi Kura da Bunkure da Garun Malam, masu sayen iri kuma su kai shi Haɗejiya da Bakolori.

Abin da Mali ta bai wa duniya

Yana da kyau mu san cewa maganin wannan cuta mafi shahara daga yankinmu ya fita. Wata shinkafar daji da aka ɗebo daga Mali, irin wadda manomanmu ke cirewa a matsayin ciyawa a fadama, an gwada ta a Indiya a ƙarshen shekarun 1970 aka ga cutar ba ta kama ta. Cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin ta yi shekaru tana aura ta da shinkafar gida, sannan a 1995 wata masaniya a Jami'ar Kalifoniya, Pamela Ronald, ta ware ƙwayar gadon da ke ba da wannan kariya, wadda ake kira Xa21. Masu binciken Sin sun sa ta cikin irinsu na aure, sun kuma samo wata, Xa23, daga shinkafar dajin Guangxi. Juriyar gishiri kuwa an fi samo ta daga Pokkali, tsohuwar shinkafar gaɓar tekun Kerala a Indiya.

Abin lura a nan shi ne gadon jure gishiri da gadon jure cuta daga tushe daban-daban suke, sai masana sun haɗa su da gangan a iri ɗaya, sun gwada shi shekaru a ƙasar da za a shuka shi, da ƙwayoyin cutar wannan ƙasa. Wannan shi ne aikin cibiyar AfricaRice, da cibiyar binciken hatsi ta Badeggi a jihar Neja, da cibiyar INRAN a Nijar. Kuma iri yana tsallaka ƙasashe ta hannunsu lafiya lau, domin ana tsare shi a bincika kafin ya taɓa gona.

Gishirinmu na gida

Rahoton Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ƙiyasta cewa kusan hekta biliyan 1.4, wajen kashi 10 cikin 100 na ƙasar duniya, gishiri ya taɓa su. Namu kason ya bambanta da na Guangdong. Can gishirin teku ne, kuma ruwan sama na fiye da milimita 1,700 a shekara yana wanke shi. Mu kuwa a Kano yawancin shekaru ba ma samun 1,000, sannan rana ta yi wata bakwai tana zuƙe ruwa tana barin gishiri a sama. Ƙasar da ta ba mu gishirin Fogha da mangul da kanwar Manga ba za a rasa gishiri a ƙarƙashinta ba. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Bakolori a 1978, aka kuma kafa hukumar ONAHA a Nijar a 1978, noman rani ya bunƙasa, amma duk inda magudanar fitar da ruwa ta toshe, ruwan ƙasa yakan taso da gishiri da kanwa. Masu noman tattasai a bakin Komadugu a Diffa sun san wannan.

Yawancin matsalarmu ta kanwa ce, wadda ke sa ƙasa ta yi santsi idan ta jiƙe, ta yi tauri kamar siminti idan ta bushe, ruwa ya ƙi nutsewa. Irin wannan ƙasa wanki kaɗai ba ya gyara ta, sai an sa jifsam, wato farin dutsen nan da ake haɗa siminti da shi, wanda ake haƙa a Sakkwato da Yobe da Gombe, a haɗa da takin gargajiya da ɓuntun shinkafa, sannan a wanke.

Ana auna gishiri da wata 'yar na'ura mai kama da alƙalami, mai nuna lamba da ma'aunin dS/m. Ruwan ban-ruwa da bai kai 0.7 ba lafiyayye ne, daga 0.7 zuwa 3 sai da lura, sama da 3 kuwa haɗari ne. A awon ƙasa, shinkafa tana fara raguwa daga 3, kuma kowace lamba ɗaya da ta ƙaru tana cin kashi 12 cikin 100. Idan awo ya kai 6, mai samun buhu 100 zai koma wajen 64. Albasa tana fara wahala daga 1.2, barkono 1.5, masara 1.7, tumatir 2.5, alkama 6, dawa 6.8, sha'ir 8. Wannan jeri kaɗai ya isa ya nuna wa mutum abin da zai shuka a wace gona.

Abin da za a saya da abin da za a bari

Wanda ya zo Guangzhou, ko don Canaan ko don baje kolin Canton da ake yi a Afrilu da Oktoba tun 1957, idan yana son taimakon gonar gida ya sayi na'urar awon gishiri tare da ruwan saita ta, da na'urar awon tsamin ƙasa, da ma'aunin zafi, da injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana, da bututu. Na'urar awon ba ta kai kuɗin dozin ɗin riguna ba, kuma guda ɗaya ta ishi ƙungiyar manoma.

Ya bar iri, da dashen lemo ko na wani itace, da duk abin da ke da ƙasa a jikinsa. Dokar iri ta ƙasar Sin ta hana fitar da albarkatun iri sai da izini. A Nijeriya kuma sai an sami takardar izinin shigowa daga hukumar NAQS mai tsare cututtukan tsirrai da dabbobi tun kafin a loda kaya, da takardar shaidar lafiyar iri daga ƙasar da ya fito, sannan hukumar iri ta ƙasa, NASC, ita ke da alhakin ingancin wanda ake sayarwa. A Nijar hukumar kare tsirrai ta ma'aikatar noma ke wannan aiki. Mai son shigo da iri don kasuwanci ya bi ta nan.

A yi hattara da magani kuma. Maganin fangas da na ƙwari ba sa kashe bakteriya. Magungunan da ke da sinadarin tagulla suna rage yaɗuwa idan an fesa da wuri, amma ba sa warkar da ganyen da ya riga ya kamu. Ƙasar Sin ta daina sabunta rajistar maganin sitireftomaisin na gona tun 2016, don haka wanda aka yi wa tallarsa da arha ya san abin da ake neman sauke masa. Duk maganin da ba shi da rajistar NAFDAC, ko aka rubuta bayaninsa da Sinanci zalla, manomi zai auna shi ne da ka.

Saƙo ga masu yi mana noma

Akwai wani cin karo da ya kamata a fahimta: gishiri yana son a yi ta zuba ruwa ana fitarwa, cuta kuma da ruwan take tafiya. Mafita ita ce a yi wankin ƙasa kafin shuka, a cika fangali a bar shi ya kwana biyu ko uku a sake shi cikin magudana, kuma kowace gona ta sami mashigarta da mafitarta, kada ruwan wani ya bi ta gonar wani. Yashe magudana aikin gayya ne, kuma kuɗin da ƙungiyoyinmu na waje za su sa a ciki ya fi na buhunan taki albarka.

Bayan haka a sayi iri mai shaidar hukuma, a tambayi malamin gona wanda ya dace da wurin. Wanda zai yi amfani da nasa, ya ɗebo daga gonar da ba ta kamu ba, ya jiƙa shi awa 12, ya sa a ruwan zafi digiri 52 zuwa 54 na minti 30, da ma'auni a hannu, domin idan ya zarce zai dafa irin. A yi gadon reno a inda ruwa ba ya shanyewa. A daina datse kan dashe da wuƙa, domin wuƙa ɗaya na iya shafa wa dami dubu. A raba yuriya kashi biyu ko uku, a haɗa da taki mai fotasiyam, kuma da an ga cutar a dakatar da yuriya, a rage zurfin ruwa, a daina ratsa gona da raɓa. Bayan girbi a kife tushiya da gyauro, a share ciyayin bakin kanal, a bar ƙasa ta bushe sosai. Gonar da gishirinta ya yi yawa a huta mata da shinkafa a sa alkama da rani ko dawa da damina, wadda tumatir ya yanƙwane a cikinta kuma a yi shekaru ana shuka hatsi kafin a mayar mata da tumatir ko barkono ko dankalin Turawa.

Duk wanda ya ga alamar da bai saba gani ba, musamman a gonar da aka shuka baƙon iri, ya gaggauta sanar da hukumar aikin gona ta jiharsa, kamar KNARDA a Kano, ko cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya, kuma kada ya sayar da abin da ya girba a matsayin iri.

Ina roƙon shugabannin ƙungiyoyinmu da masu harkar kago su karanta wa jama'a wannan bayani, domin sautun da aka ƙi ɗauka yau yana iya zama shi ne babban alherin da muka yi wa gida. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare gonakinmu da dukiyoyinmu, ya mai da kowa gida lafiya, amin.